Takabar da Ba Tawa Ba

Na san abin da ake faɗa muku a dangi game da barowarmu Riyad. Wasu sun ce babanku takardun bogi ya yi aka kama shi, wasu sun ce motar kamfani ya sayar. Kai Abba ka taɓa tambayarsa, ya ce maka ƙaddara ce, ya ci gaba da jan carbinsa, daga nan ba ka ƙara ba. Ke kuwa Nusaiba ba ki tambaya ba, fushi kawai kika yi, kuma na san har yau da sauransa a ranki. Shi ba mai magana ba ne, haka ya koma ga Allah da bakinsa a rufe. Ni Allah bai yi ni haka ba. To ku zauna ku ji yadda aka yi, tun ina da sauran numfashi.

A lokacin muna unguwar Malaz, a tsohon ginin nan mai hawa uku, mu a na tsakiya. Babanku ya daɗe yana jan tankar ruwa a wani kamfani. Kafil ɗinsa, wato maigidan da sunansa yake kan iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, dattijo ne mai kirki, shi ya tsaya aka kawo ni, har na haife ku a can. Da ya rasu 'ya'yansa suka karɓi kamfanin, su kuwa ba su san fuskar kowa ba, lambar mota suka sani. Ni dai kun san ni, sai in yi wata ban taka ƙasan bene ba. Ban san Riyad ba, Riyad ce take zuwa ta same ni. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai falonmu ya cika da masu neman tuwo da miyar kuka: direbobi, masu gadin unguwar ofisoshin jakadanci, masu goge gilashin dogayen gine-ginen unguwar Ulaya. Ina kicin ƙofa a buɗe, ina tuƙi ina jin kowa. Larabcin ma haka na koye shi, ta bango da talabijin, ban taɓa zama gaban malami a kansa ba.

A cikin masu zuwan nan akwai Isuhu, mutumin Damagaram, dogo siriri mai wushirya. Iƙamarsa ta leburan gini ce, amma a ƙasarsu ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Agadas. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Tun daga matattakala za ka jiyo shi.

"Hajiya, ina bawana? Ki ce masa ubangidansa ya iso, ya kawo ruwan wanke hannu."

Babanku da ba ya dariya da kowa sai ya ce, "Ka ji ɗan gudun yunwa. Ba don tuwon Kano ba, da tuni iska ta mai da kai Damagaram."

Yana da mata a ƙauyensu, Zalika, da yara biyu. In ya ci ya ƙoshi sai ya kira ta, ya miƙo mini wayar ta bayan labule ya ce in gaisa da ƙanwata. Ban taɓa ganinta ba ko a hoto, amma na san muryarta kamar ta 'yar ɗakinmu. Yaya take ce mini. Har yadda ake dambun zogale irin nasu ta waya ta koya mini.

Sai yaƙin kudu ya taso, can kan iyakar Yaman. Mu a Riyad a talabijin muke ganinsa, kamar a wata ƙasa ake yi. Ba mu san zai hawo benenmu ba, sai da kamfanin su babanku ya sami aikin kai wa sojoji ruwa a sansanoninsu na kan duwatsu. Aka riƙa ɗibar direbobi rukuni-rukuni, kowa a ba shi katin shiga yankin sojoji mai ɗauke da sunansa. Sunan babanku ya fito a daidai makon da ciwon sugansa ya tashi, ƙafarsa ta dama ta kumbura suntum, gyambon yatsansa yana ruwa, ko takalmi ba ya shiga. Ya je ya nuna wa shugaban direbobi. Mutumin ko duban ƙafar bai yi ba, ya ce duk wanda bai je ba ya manta da sabunta iƙamarsa, ta babanku kuwa ta kusa ƙarewa, kuma tamu duka a jikin tasa take rataye.

To akwai wani abu da direbobinmu suke yi tun kafin in je ƙasar, suna kiransa riƙe mini sitiyari. In ba ka da lafiya ko wata lalura ta taso, sai ka ba ɗan'uwanka makulli da katinka ya yi maka tafiyar, ya karɓi kuɗin hanya, kai kuma aikinka bai taɓu ba. Masu duba kati a shinge ba sa kallon hoto, a wurinsu duk baƙin mutum ɗaya ne. An yi haka zuwa Dammam, an yi zuwa Madina, ba a taɓa jin komai ba. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa wannan hanyar ba irin waɗancan ba ce. Babanku da kansa ya ɗauki waya ya kira Isuhu, ina zaune. Wannan ku riƙe shi da kyau, don a kansa maganar take.

Isuhu ya zo, ya tsuguna ya dubi ƙafar, ya girgiza kai.

"Da wannan za ka taka birki a kan dutse? Kawo makullin, Bakano. Dama bawa ba ya tahiya ubangidansa yana zaune."

"An ce fa ana harbi a wajen," in ji babanku.

"Ruwa zan kai, ba bindiga ba. Wa ke harbin mai ruwa?"

Na soya masa nama na zuba a roba, na haɗa masa da yaji. Ya tafi. Babanku kuma ya shige ƙuryar ɗaki ya zauna, tunda a sanin kamfani da maƙwabta yana kudu. Ko masallaci bai fita ba, ku ma an ja muku kunne kada ku faɗa a makaranta.

Tun da ya kama hanya Isuhu yake turo saƙon murya a wayar babanku, mu zauna mu ji. Ni dutsen da na sani a duniya Dala ne da Goron Dutse, waɗanda yara ke hawa su sauko kafin la'asar. Shi kuwa cewa yake wannan dutse ne a kan dutse, hanya tana naɗe shi kamar rawani, Larabawa suna kiran irinta aƙaba. Ya ce gajimare a ƙarƙashinsa yake, yana leƙa shi ta taga. Ya ce birai suna zama a tsakiyar kwalta ba sa kaucewa sai ka ba su burodi, wai duk kamar 'yan Kano suke. Ya ce kunnensa ya toshe, sanyi kuma kamar ba Saudiyya ba. A saƙon ƙarshe yana dariya yana cewa a ajiye masa ƙanzon tuwo, sai na ji wani abu can bayan muryarsa, dum, dum, a jere. Na ce babanku ya maimaita. Ya ce tsawa ce, ai wajen ana ruwan sama. Na ce masa tsawa tana gunguni ta ja, wannan kuwa yankewa yake kamar an rufe ƙofar ƙarfe. Ya kife wayar a kan katifa. Daga ranar ba mu ƙara samun saƙo ba, in an kira kuma a kashe.

Ranar Litinin da hantsi, kuna makaranta, aka ƙwanƙwasa. Na ja mayafi na buɗe kaɗan. Mandub ɗin kamfani ne, mai yi musu zirga-zirgar ofisoshi, yana tsaye nesa da ƙofa yana kallon ƙasa. Ya tambaya ko nan ne gidan wane, ya faɗi sunan babanku cikakke har da na kakanku. Na ce nan ne. Sai ya yi mini gaisuwar da Larabawa suke yi wa wanda aka yi wa mutuwa, ya ce Allah ya girmama ladana. Ya ce mijina ya rasu ranar Asabar a kan aƙaba, motarsa ta faɗa rami, gawar tana asibitin sojoji a kudu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mutumin da ake gaya mini ya mutu yana bayan bangon da na jingina, ɗazu na wanke masa ƙafa na naɗe. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Sai can abin ya juyo mini daidai, na gane wanda yake kwance a asibitin. Na buɗe baki na kurma ihu, kuma sunan da ya zo bakina na haɗiye shi, don mandub yana tsaye. Maƙwabciyarmu Bamisira ta fito da gudu ta rungume ni. Kafin mandub ya kai ƙasan bene ta kira wata Bahaushiya da ta sani, ita kuma ta kira wata. Kun san mutanenmu da waya.

Ban sami ko shiga wurin babanku ba gida ya cika. Mata a ɗakinku, maza a falo har matattakala. Ina kuka kamar raina zai fita, suna ba ni haƙuri a kan mijina, ni kuwa wushiryar Isuhu nake gani. In na buɗe baki zan yi bayani sai in tuna kati, in tuna iƙama, in tuna ku, sai in rufe. Ta bango ina jiyo maza suna yabon babanku. Wannan ya ce bai taɓa jin ya zagi kowa ba. Wancan ya ce mutum ne mai amana, ko kwabon wani bai taɓa ci ba. Shi kuma yana ƙurya, ƙofa a kulle, yana sauraron ta'aziyyarsa.

Sai Hajiya Tasalla ta iso, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a cikin matanmu na Riyad, ita ke wankan gawa, ita ke zaunar da masu takaba. Ta zauna gabana ta kama hannuwana.

"'Yar nan, haƙuri za ki yi. Daga yau wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba fita. Dama ke ba mai fita ba ce, Allah ya sauƙaƙe miki wannan. Kawo kunnen."

Ta zare mini ɗan kunne ɗaya, ta sa a gefen zaninta. Ta ce a ɗauko mata baƙin hijabi marar ado. Ta miƙa hannu za ta zare na biyu, sai muka ji makulli yana juyawa a ƙofar ƙurya.

Ya fito yana dafa bango, ƙafa a naɗe da farin bandeji, fuskarsa duk hawaye. Wallahi wata mata ta yi tsalle ta haye gadonku. Bamisira ta faɗi sumammiya. Maza suka yi baya suna salati, wani ya bar takalmansa ya gangara bene. Hajiya Tasalla ce kaɗai ba ta motsa ba, hannunta yana kunnena.

"Hajiya, mai da mata ɗan kunnenta," in ji babanku. "Takabar ba tata ba ce. Isuhu ne."

Duk wanda ke falon nan ya ci tuwo kwano ɗaya da Isuhu, kuma duk direban da ke wurin ya taɓa riƙe wa wani sitiyari ko an riƙe masa. Sai wani ɗan Maraɗi ya fashe da kuka kamar yaro.

Washegari Alhaji Ɗanlami ya zo. Kun tuna shi, mai shagon turare, wanda duk Bahaushen da ya shiga matsala da hukuma wurinsa yake zuwa. Ya taho da Usman Basudane, direban da motarsa ke bin ta Isuhu a ranar. Usman jikan Hausawa ne da suka tsaya a Sudan a hanyar Makka, yana jin Hausa irin ta tsofaffi. Hannunsa ɗaya a naɗe, kuma ihu yake in zai yi magana, don kunnensa bai dawo ba. Ina bakin kicin na ji komai, kuma ga shi kamar yadda ya faɗa.

Ya ce can ƙolin hanyar akwai wani matsi tsakanin duwatsu biyu, mota ɗaya ce take wucewa. Duk wanda ya riƙe kan duwatsun nan biyu shi ke da hanya, shi ke da duk garuruwan da ke bayanta. An daɗe ana yi, yau waɗannan su karɓe, jibi waɗancan su ƙwace. Sojojin da ke sama ruwansu ya ƙare, har suna shan na radiyeton mota. Da safen Asabar aka ce musu an kori abokan gaba, hanya ta buɗe, su hau. Motar sojoji a gaba, sai Isuhu, sai shi, sai sauran. Tanka cike da ruwa a kan hawa tafiyar hawainiya take, mai ƙafa ma sai ya wuce ta. Gajimare ya sauko ya rufe ƙolin. Ashe a cikin gajimaren nan abokan gaban suka dawo suka kwanta a kan duwatsun, ba wanda ya gan su. Motar sojoji tana sa kai cikin matsin sai ta kama da wuta, hanya ta toshe. Ba gaba, ba juyawa, dama dutse, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Ya ce harsashi yana sauka kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Yana kallon tankar Isuhu ta zama rariya, ruwa yana tsartuwa ta ko'ina yana gangarowa kan kwalta.

"Sai na ga motarsa ta fara dawowa da baya," in ji Usman. "Kaina ta nufo. Na ce shi ke nan, ni da duk na bayana. Saura kaɗan ta same ni sai ta karkace ta yi hagu. Ban sani ba, Alhaji. Ko shi ya murza sitiyarin, ko ya riga ya cika motar ta bi kanta. Ban sani ba. Ban ma ji faɗuwarta ba, don nisa."

Ya ce sun kwanta a ƙarƙashin motoci cikin ruwan da ke kwarara har rana ta karkata. Jirage suka zo suka yi ta dukan kan duwatsun, duwatsu suna gangarowa, sannan sojoji suka hau da ƙafa. Kafin magariba an karɓe ƙolin, sojoji suna kabbara suna ɗaga bindigogi, wai an yi nasara. Wani soja ya zo ya tsuguna ya kafa baki a ramin harsashin tankar Usman yana sha. Ba a yi wata guda ba na ji a bakin direbobi cewa an sake ƙwace wurin.

Da ya gama, Alhaji Ɗanlami ya gyara zama. Ya ce maganar ba za ta ɓoyu ba, za a duba yatsun gawa a gane ba babanku ba ne. Amma akwai mafita, in aka riga su. Babanku ya je ya ce yana kwance ba lafiya, Isuhu ya zo dubiya ya ɗauke kati da makulli ba da saninsa ba, don kwaɗayin kuɗin hanya. Ƙafar ga ta nan shaida. Usman ya ce shi abin da aka ce ya faɗa shi zai faɗa. Mutanen da suka zo jiya ma ba wanda zai tona.

"In ka ce kai ka ba shi, ka sa wani ya shiga yankin soja da sunanka a lokacin yaƙi," in ji Alhaji. "Ɗauri ne, sannan kora, ba dawowa. Abba saura shekara ɗaya ya gama sakandare. Yarinyar nan ko Hausar kirki ba ta iya ba, ina za ka kai ta? Wanda ya mutu ya mutu, Malam. Ba abin da zai ji."

Kada ku ɗauki Alhaji Ɗanlami mugu. Ya ga iyalai da yawa sun watse a ƙasar nan, kuma ku yake tausaya wa. Babanku ya tambaye shi, in aka rubuta haka, me za a gaya wa mutanen Isuhu. Alhaji ya ce abin da aka rubuta shi zai je ofishin jakadancinsu, shi zai je gida. Kuma kamfani ba zai ba iyalin wanda ya saci mota komai ba.

Bayan sun tafi babanku ya kira ni. A zamanmu duka bai cika neman shawarata ba, ba don raini ba, haka aka yi shi. Ranar ya ce in zauna.

"Ke da yara za ku ɗauki nauyin, ba ni kaɗai ba. Me kika gani?"

Ina kallon tabarmar da Isuhu ke zama. Ina tuna makarantarku, da asibitin da ake ba babanku maganin suga, da cewa ba mu da ko ɗaki ɗaya namu a Kano. Daga ƙarshe na ce masa, ni dai na san abu ɗaya. Ko me aka rubuta, ni Zalika za ta kira, don ni ta sani. Za ta ce Yaya, da gaske ne ya yi sata? Na ce masa ka san bakina, ko farashin albasa ban iya ɓoyewa ba, balle wannan. Kuma yaran nan nasa biyu a ƙauye za su tashi, inda kowa ya san kowa, ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda ya saci mota a ƙasa mai tsarki.

Sai ya ce, "Ni na kira shi." Ya sake cewa, "Ni na kira shi."

Ranar Laraba da safe ya sa farar jallabiyarsa, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya leda a kan bandeji. Alhaji Ɗanlami duk da bai ji daɗi ba shi ya zo da mota ya kai shi wurin hukuma, inda babanku ya faɗi gaskiya cewa shi ya ba Isuhu katin, kuma bai bar mu ba har ƙarshe. Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Watannin da ya yi a tsare, inda ciwon ya ci yatsun nan biyu da aka yanke. Gidan jiran kora da ake kira tarhil. Kayanmu na shekara da shekaru da muka rabar a matattakala. Kai Abba da ka koma baya aji biyu a Kano saboda Turanci, ke Nusaiba da 'yan ajinku suka riƙa kwaikwayon Hausarki har kika daina magana a makaranta. Ba zan ce muku abin bai yi tsada ba. Ya yi, kuma ku kuka fi biya ba tare da an tambaye ku ba. Amma an binne Isuhu a kudu da sunansa da na mahaifinsa, kuma abin da aka aika ƙasarsu shi ne ya mutu a bakin aiki.

Saura abu ɗaya da ba ku gani ba, don kuna makaranta. Kafin babanku ya fita ranar Larabar nan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in kira Zalika, kada ta ji a bakin duniya. Na zauna a kicin a ƙasa na kira. Tana ɗauka ta hau dariya.

"Yaya! Lahiya yau ba Juma'a ba? Ina mutumin naku, ya ɓace mini, wayarsa ba ta shiga."

Na tambaye ta ko akwai babba kusa. Ta ce surukarta tana tsakar gida. Na ce ta je kusa da ita ta zauna. Daga nan dariyar ta ɗauke. Na gaya mata duka, ban rage ba: ƙafar, katin, wanda ya kira wani, dutsen, ramin. Na ji tsohuwar ta fasa salati, na ji yara sun kama kuka don sun ga ana yi. Can sai Zalika ta yi magana, muryarta a daidai kamar mai tambayar hanya.

"Yaya, wace rana ce? Don in san daga inda zan fara ƙirga."

Na ce Asabar.

"Asabar," ta ce. "Lahadi aka yi bikin ƙanwata. Na yi rawa, Yaya. Na sa lalle hannu da ƙafa, ya kama ja wur. Ga shi nan ina kallonsa."

Na ce mata ba ta sani ba, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, zai goge da kansa. Ban san ko ta ji ni ba. Ta ajiye wayar a ƙasa ba ta kashe ba. Na ji ta ce wa wata ta miƙo mata ruwa da dutsen goge ƙafa. Na zauna riƙe da waya a kunne, ina jin kukan mata yana ƙaruwa a gidan, a kusa da wayar kuma ƙarar dutse a kan tafin hannu, tana gurzawa, tana gurzawa, har kuɗin wayata ya ƙare.